Zuwa ga ƙanen da ya tambaye ni ko shugaban Amurka zai iya hana a kore shi

Ƙanena, assalamu alaikum.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni, tunda tafinta nake a kotun shige da fice: shugaban Amurka yana da ikon ya ce a kori wane, a ƙyale wane? Lokaci ya ƙure ban amsa maka ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Yana da iko, amma na zaɓen wanda za a fara da shi. A 2014 ana ƙiyasin mutum miliyan 11 ba su da takardu, gwamnatin Obama kuwa ta ce kuɗin da majalisa ke warewa bai wuce na korar kimanin 400,000 a shekara ba. Ka ga dole a yi zaɓi. Shi ya sa a 2021 sakataren tsaron cikin gida, Mayorkas, ya umarci jami'ai su sa masu barazana ga tsaro, masu manyan laifuka da sababbin tsallako iyaka a gaba. Texas da Louisiana suka kai ƙara. A 2023 alƙalai 8 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ce jihohin ba su da hurumin shigar da ƙarar, sai dai kotun ta nuna cewa maganar za ta iya canzawa idan gwamnati ta yi watsi da dokar kacokan.

Ga inda ikon ya tsaya. Da Obama ya nemi jinkirta korar iyayen yaran da aka haifa a ƙasar, har da ba su izinin aiki, jihohi 26 suka tare shi a kotu. A 2016 Kotun Ƙoli ta rabu 4 da 4, don haka dakatarwar da ƙaramar kotu ta yi wa shirin ta tsaya, bai taɓa fara aiki ba. Zama na dindindin doka ce ke ba da shi, doka kuwa ta majalisa ce.

Na sha ganin masu DACA, wato shirin da ke jinkirta korar waɗanda aka kawo tun suna yara, sun naɗe katin izinin aiki a leda kamar laya, suna ƙirga watanni, domin duk shekara 2 ake sabunta shi. Ita ma takardar umarnin Mayorkas, gwamnatin Trump ta soke ta a Janairun 2025. Wannan ne ke tsorata ni game da kai.

Don Allah kada ka jira zaɓe mai zuwa. Tattaro fasfo, shaidar biyan haraji da takardun haihuwar yaranka, in raka ka wurin lauya a makon nan.

Yayanka.