Godiya ga masu fentin ruwan gwal na bayan 'Yan Katako, Na'ibawa

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a ga maigidan wani ƙaramin shagon fenti da ke bayan kasuwar 'Yan Katako a Na'ibawa, nan Kano, da yaran da ke aiki a ƙarƙashinsa. Su suka yi wa kayan ɗakin 'yata ta biyu ruwan gwal, gado da sif da madubi da kujeru, suka kuma zagaye bakin silin falonta da ruwan tagulla. Malam, na lura ba ka son a yaba ka a gaban mutane, amma ka yi haƙuri, yaba kyauta tukwici.

Da fargaba na shigo shagonku. Lokacin bikin yayarta wani wuri aka kai aikin. Ranar jere kaya sai ƙyalli suke, kowa na sam barka. Damina ɗaya ta wuce, gwal ɗin hannun kujeru ya yi baƙi, wani wurin har kore-kore, na kan gado kuwa ya fara ɓarewa yana bin zanin gado. Da aka koma musu, sai suka ce yarinyar ce ba ta iya riƙon kaya ba. Wallahi wannan magana ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo. Yarinya tana gidan miji, dangin miji na shiga suna fita, kuma kowa ya san da kayan ɗaki ake auna gidan su amarya. Ta sha kuka a kan laifin da ba nata ba.

Kai ne mutum na farko da ya zaunar da ni ya gaya mini gaskiyar abin. Ka ce yawancin ruwan gwal da ake fesa wa kaya babu gwal a cikinsa, garin tagulla ne, haɗin jan ƙarfe da tutiya, na azurfa kuma garin alminiyam. Tagulla kuwa da ta haɗu da laima ko gumin hannu sai ta dafe, in ba a rufe ta da banish mai kyau ba. A nan na gane abin da ya cinye kujerun farko. Ka nuna mini yadda ake goge katako da samfefa, a cike ramuka da foti, a sa fentin ƙasa ja-ja kafin gwal ya hau don launin ya yi zurfi, sannan a bi da banish, a ƙara masa a hannun kujera da kan gado inda jiki ke yawan taɓawa. Da ka ga wani sashe na katakon ɗanye ne, ka mayar wa kafinta, ka ce da hunturu ya buso zai tsuke ya tsage fentin. Ka ƙi yin feshi a ranakun da gari ya yi laima domin fenti kan yi fari-fari, kuma da tina kuke sirka shi, ba da fetur ba. Har ka ba ni shawara a rage gwal ɗin, a bar shi kan sassaƙa kawai, sauran jikin ya zama ruwan madara. Kuɗinka ya ragu da wannan shawara, kayan kuma suka fi kyau nesa ba kusa ba.

Kuɗin da aka yi ciniki shi na biya, ranar da aka sa ita aka kawo kaya.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙaramin yaron shagonka, wanda ya biyo mota ranar jere. Wajen sauke sif gefensa ya ɗan kurje. Ban ma gani ba, shi ya kira ni ya nuna mini, washegari ya dawo da ɗan gwangwaninsa da burushi ya gyara har ba a gane wurin. Ya tsaya ya koya wa amarya cewa tsumma mai laushi busasshe ya isa, kada ta kusanto da omo ko bilic, kada ta fesa turare a jikin kaya, kaskon turaren wuta kuma ta riƙa ajiye shi nesa da gado, don hayaƙi na dusar da ƙyalli. Na miƙa masa na mota, ya ce maigida ya riga ya ba shi. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan magabata, ya ba ka naka shagon.

Abin da ke damuna shi ne irin wannan aiki ya zama abin mamaki a garin nan. Na san tun 2023 da aka cire tallafin mai kuma naira ta faɗi, fenti da tina da banish sun yi tashin gwauron zabi. To a gaya wa mai kaya mana, ga na wannan kuɗin, ga na wancan, ta zaɓa da idonta a buɗe. Uwa ta shekara da shekaru tana zubin adashe, wata ta sayar da ɗankunnenta, wata gonar gado, sannan a fesa mata abin da ba zai ga suna na fari ba. Shi ya sa masu hali suka koma kayan Turkiyya da Dubai da Sin, alhali masu sassaƙarmu hannunsu bai gaza ba, wajen fenti ake kashe musu aiki. Ya kamata shugabannin kafintoci da masu fenti su sa ido a kan wannan, domin sunan sana'ar gaba ɗaya ake ɓatawa.

Malam, Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku daga sharrin ƙurar fentin da kuke shaƙa kullum.

Wassalam,
Uwar amarya, daga Ɗorayi, Kano