Ga malamin da ya ce ban san "natsuwa" ba

Malam, salamu alaikum.

Na ga tambayarka a Facebook, kodayake lambata na cikin wayarka. Na rubuta cewa direban bas ɗin da burki ya tsinke wa a gangaren gadar Kawo ya tsayar da ita "cikin natsuwa". Ka ce ina natsuwa ga mai gudun mutuwa, ai gaggawa ce. Sannan ka yi mini uzuri, wai ba laifina ba ne, Hausar Kaduna ce, Hausar bariki. Na gode da wannan tausayi.

Ina cikin motar, Malam, kujera ta biyu. Mata na salati, wani ya kama ƙofa zai dira. Direban nan ko waiwaye bai yi ba: ya sauke giya daga uku zuwa biyu, ya riƙa jan burkin hannu kaɗan-kaɗan, ya goga taya da bakin titi har ta tsaya. Hannunsa ya yi sauri, hankalinsa ne bai tashi ba. Da sanyin jiki ne, da yanzu an yi sadakar bakwai ɗinmu. Na so in ce "a tsanake", amma tsanaki sai mai lokaci. Kuma tun muna karatun Ahalari a zaure aka fassara mana ɗuma'nina da natsuwa, cikin farillan sallah: gaɓɓai su zauna. Ba a ce sai ka kwana a ruku'u ba.

Maganar bariki ita ta sosa mini rai. A Tudun Wada aka yanke mini cibiya, ban kuwa taɓa jin kunyar haka ba. Na yarda a kan karin Kano aka gina Daidaitacciyar Hausa. To amma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun 1939, a ina aka kafa ta in ba Zariya ba, nan jiharmu? Rediyon Kaduna kuma tun 1962 yake shiga ƙauyukan Arewa, da shi kakanninku suke karya kumallo, ba wanda ya nemi tafinta. Sai yau, da gyaran Hausar mutane ya zama hanyar tara mabiya, aka gano bakinmu bai nuna ba.

Direban yana lodi a tashar Kawo kullum da safe. Ka je ka gaya masa gaggawa ya yi, ni zan biya maka kuɗin mota.