Ka je Fenway: wasiƙa zuwa ga ɗana a Boston

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Mahaifiyarka ta nuna mini saƙon da ka turo mata, inda ka ce abokan karatunka sun dame ka da ka bi su Fenway Park kallon ƙwallon besbol, kai kuma ka ƙi, don ba ka gane kan wasan ba, kuma karatu ne ya kai ka. Na ji daɗi da ka riƙe abin da ya kai ka. Amma a wannan karon ban goyi bayanka ba. Ka je.

Ba sai ka iya wasan ba. A duk filayen da manyan ƙungiyoyin besbol na Amurka ke wasa yau, babu wanda ya kai Fenway tsufa. An buɗe shi ranar 20 ga Afrilu, 1912, kwana biyar bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic. A ranar ce kuma aka buɗe wani a Detroit, wanda daga baya aka sani da Tiger Stadium, amma shi tuni aka rushe shi. Na Boston ma saura ƙiris ya tafi, domin a 1999 masu ƙungiyar Red Sox, wadda ke wasa a filin, sun fito da shirin gina sabo. Mutanen gari suka ce ba su yarda ba. Da sababbin masu ƙungiya suka zo a 2002, sai suka zaɓi gyara maimakon rusau.

Idan ka shiga, dubi hannun hagun fili. Akwai wata doguwar katanga koriya da suke kira Green Monster, tsawonta ƙafa 37, wato ta haura mita 11. Titin Lansdowne ne a bayanta, shi ya matse filin ta wannan gefen. A gindinta akwai allon maki, kuma har gobe da hannu ake sarrafa shi: mutane ne a cikin katangar, a wani ɗan lungu mai zafi, suna leƙe ta ƙananan kafofi suna sauya faranta masu lamba. Sannan ka juya dama ka nemi kujera ɗaya ja tilo a tsakiyar koraye. Nan ƙwallon da Ted Williams, ɗan wasan Red Sox, ya buga ta faɗa a 1946, nisan ƙafa 502.

Wannan duk abin da mai yawon buɗe ido zai gani ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne, kuma ina so ka karanta shi da natsuwa. A 1945 ƙungiyar Red Sox ta kira baƙaƙen 'yan wasa uku gwaji a wannan filin, cikinsu har da Jackie Robinson. Suka gwada su, suka sallame su, babu wanda aka ƙara nema. Bayan shekara biyu Robinson ya shiga fili wa ƙungiyar Brooklyn Dodgers, ranar 15 ga Afrilu, 1947, ya karya shingen da ya daɗe yana hana baƙar fata wasa da farare. Ita kuwa Red Sox sai 1959 ta saka baƙin ɗan wasanta na farko, Pumpsie Green. Ita ce ta ƙarshe a cikin ƙungiyoyi 16. Titin da ke ƙofar filin ya shekara da shekaru yana ɗauke da sunan Tom Yawkey, mai ƙungiyar a wancan zamani, sai a 2018 aka mayar masa da tsohon sunansa na Jersey Street saboda wannan tarihi. Kar ka ɗauka magana ce ta da can kawai. A 2017 an zagi Adam Jones na Baltimore Orioles zagin launin fata a cikin Fenway, har ƙungiyar ta fito ta ba shi haƙuri.

Kai baƙo ne a garin, kuma baƙin mutum. Kana hawa jirgin ƙasa da mutanen garin, kana zama aji ɗaya da 'ya'yansu, to ya kamata ka san abin da ya wuce tsakaninsu da masu irin fatarka, da wanda suka gyara da wanda ya rage. Littafi zai gaya maka, amma gani ya kori ji.

Filin da Robinson ya fara wasa, Ebbets Field, babu shi. An rushe shi a 1960, gidajen bene ne a wurin yanzu, kuma wannan yana yi mini ciwo. Wanda ya tsira shi ne Rickwood Field a birnin Birmingham na jihar Alabama, wanda ya girmi Fenway, tun 1910 yake. Ƙungiyar farare da ta baƙaƙe, Birmingham Black Barons, suka riƙa amfani da shi, kowacce da ranarta, 'yan kallo ma a ware. A can shahararren baƙin ɗan wasa Willie Mays ya buga wasa yana ɗan shekara 17, a 1948. A watan Yuni na 2024 aka kai wasan manyan ƙungiyoyi can don girmama 'yan wasan da wariya ta tauye, sai Allah Ya yi wa Mays rasuwa saura kwana biyu a yi wasan, yana da shekara 93. In ka samu hutu da ɗan kuɗin hanya, Rickwood ne nake so ka gani fiye da kowanne.

Wrigley Field na Chicago kuwa na san shi lokacin da nake nawa karatun a can. An gina shi a 1914. A zamaninmu babu fitilu, da rana kawai ake wasa, sai a 1988 aka saka. Katangarsa ta bulo ce, wata ciyawa mai yaɗo da aka dasa a 1937 ta lulluɓe ta, har ƙwallo kan shige cikin ganye ta ɓace, mai tsaron baya ya ɗaga hannu sama alƙali ya yanke hukunci. Maƙwabta kuma suna kallo daga saman rufin gidajensu. Magoya bayan Cubs, ƙungiyar da ke wasa a filin, sun yi shekara 108 ba kofi, daga 1908 har 2016, amma ba su daina zuwa ba.

Yanzu ga abin da nake so ka kiyaye. Giya tana yawo a wurin hannu da hannu, za a miƙo maka don a faranta maka. Ka ce na gode, ba na sha, ba sai ka yi dogon bayani ba. Kafin ka ci tsiren da suke sawa cikin burodi, tambayi naman me ne. In ba ka samu amsa ba, gyaɗa ta ishe ka. Cacar wasanni ta waya ta halatta a dokar jihar Massachusetts tun 2023, kuma za ka ga tallanta ko'ina. Kada ka sauke manhajarta, ko da sun ce zubin farko kyauta ne. Wannan ita ce na fi ji maka tsoro, domin ta fi giya shiga a ɓoye.

Wasan dare yakan fara wajen ƙarfe bakwai, magariba za ta same ka a ciki. Ka tafi da alwalarka, ka tambayi ma'aikata inda za ka tsaya ka yi salla, ko ka zaɓi wasan rana na ƙarshen mako. Idan wani ya yi maka maganar banza, kada ka biye masa, ka sanar da ma'aikatan filin ka canja wuri. Takardun zamanka sun fi ƙarfin faɗa da mashayi. Ku tafi tare, ku dawo tare, tashar jirgin ƙasa ta Kenmore tana cika maƙil bayan an tashi.

Kuɗin tikiti ina kansa, zan haɗa maka da na watan nan. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa kiranta ranar Juma'a. Ƙannenka na son hoton jar kujerar. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka.

Mahaifinka