Ni Ma An "Ji Ra'ayina", Da Lemo Da Kuɗin Mota

Malam Edita, assalamu alaikum.

Jimla ɗaya ce ta tsaya mini a maƙogwaro cikin dogon sharhin da kuka buga ranar Juma'ar da ta wuce kan rumbunan gas na ƙarƙashin ƙasa. Ina nufin inda marubucinku ya ce wai a Kalifoniya, bayan an saurari ra'ayin jama'a, hukuma ta amince a ƙara yawan gas ɗin da ake ajiyewa a rumbun Aliso Canyon. Ya faɗi haka ya wuce abinsa kamar mai tsallake kwata. Daga nan ya shiga yabon tsarin, yana cewa mu ma da zarar bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano ya kankama sai mu yi koyi, tunda muna da dokar tantance illar muhalli wadda za ta kare talaka. Sau uku na karanta wurin, ina cire tabarau ina mayarwa.

Wane ra'ayi aka saurara? Da aka saurara kuma, me aka yi da shi?

Ni ban taɓa zuwa Amurka ba, Legas ma sau biyu na je. Amma labarin Aliso Canyon na bi shi a rediyo tun yana ɗanye, abin da ya ɓace mini kuma ɗana ya buɗo mini a waya. Ranar 23 ga Oktoban 2015 aka gano wata rijiya mai lamba SS-25 tana fesar da gas. Aka yi ta ɗura mata laka da ruwan gishiri ta sama, ta ƙi. Sai da aka haƙo wata rijiyar ta gefe, aka tare ta can ƙasa, sannan aka toshe ta da siminti a Fabrairun 2016. Wajen wata huɗu ke nan, kuma kusan tan 100,000 na gas ya bi iska. Magidanta sama da 8,000 suka bar gidajensu a unguwar Porter Ranch da ke kusa da rumbun da kewayenta suka koma otal da gidajen haya. Yara na haɓo, manya na fama da ciwon kai da tashin zuciya, makarantu biyu aka kwashe ɗungurungum. Gwamna Jerry Brown bai ayyana dokar ta-ɓaci ba sai 6 ga Janairun 2016. Rijiyar nan tun 1953 aka haƙa ta, don man fetur ma aka haƙa ta, daga baya aka mayar da filin rumbun gas. A 1979 aka cire bawul ɗin tsaro da ke can cikinta, ba a mayar da wani ba. Binciken da aka fitar a 2019 ya ce tsatsa ce ta cinye bututun daga waje, inda ya haɗu da ruwan ƙasa. A 2021 kamfanin SoCalGas mai rumbun da uwar kamfaninsa suka yarda su biya diyyar da ta kai dala biliyan 1.8.

To, waɗannan su ne jama'ar da marubucinku ya ce an saurara. Shekara da shekaru roƙonsu ɗaya ne, a rufe wurin. Ranar 31 ga Agustan 2023 hukumar da ke kula da kamfanonin wuta da gas ta jihar ta zauna, mutanen suka sake cewa ba su yarda ba, kwamishinoni suka kaɗa ƙuri'a aka ɗaga ajiyar daga ƙafa kubik biliyan 41 zuwa biliyan 68.6. An saurara kam. Bango ma in ka yi masa magana ai ba ya katse ka. Ko layi ɗaya na wannan babu a sharhinku.

Kada a ce ina gaba da rumbu. Ɗan manomi ne ni, na san amfaninsa. A sayi gas lokacin zafi yana araha, a ɗura shi cikin tsohuwar rijiyar mai ko kogon gishiri, a fito da shi da sanyi lokacin da kowa ke nema. Hujjar da hukumar ta kafa ke nan, domin a hunturun da ya shiga 2023 kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo a Kalifoniya, kuma hujja ce. Sai dai rumbun hatsi in ya tsage kaji ne ke ƙoshi, na gas in ya tsage unguwa ce ke tashi. Wanda ke kwana a gindinsa ya cancanci fiye da a bar shi ya yi surutu ya gaji.

Duk da haka su can sun fi mu, domin aƙalla sun san ranar zama, sun san abin da ake shirin yi, kuma maganarsu ta shiga kundi. Bari in gaya maka yadda aka "ji ra'ayina" ni.

Shekara 31 na yi ina aikin safiyo kafin in yi ritaya. Shekara huɗu da suka wuce mai unguwa ya aiko a hallara ƙofar gidan dagaci bayan la'asar, wai baƙi za su zo gaisuwa. Muka tarar da rumfa biyu da kujerun roba. Wani saurayi cikin kwat ya yi jawabi da Turanci wajen minti goma sha biyar, wani ya fassara mana a minti biyu: za a kawo ci gaba, za a ɗauki yaranmu aiki, za a haƙa mana rijiyar burtsatse. Ma'ajiyar gas ce za a gina a filin da ke bayan unguwarmu, irin wadda manyan motoci ke saukewa ana cika tukwane. Ba ma ta ƙarƙashin ƙasa ba ce, tankuna ne a sarari. Mace ko ɗaya babu a wurin, alhali su ne ke wuni a gida da wuta. Mai walda na bakin layinmu ya ɗaga hannu ya tambayi tazarar da za ta kasance tsakanin tankin da shagonsa. Aka ce masa injiniyoyi sun duba. Dagaci ya ɗan yi gyaran murya, kowa ya gane an rufe tambaya. Aka raba lemo da cincin, sannan wata takarda ta zagayo, ka rubuta sunanka da lambar wayarka ka sa hannu, a ba ka naira 1,000 kuɗin mota. Mu da muka zo a ƙafa! Ba zan ɓoye maka ba, na sa hannu, na karɓa, na sa kati a wayata.

Bayan wasu watanni ɗan maƙwabcina da ke aiki a Abuja ya bugo waya. Ya ga wata 'yar sanarwa a jaridar Turanci, wadda tafin hannu zai rufe, cewa an ajiye rahoton tantance illar muhalli na aikin a sakatariyar ƙaramar hukumarmu, duk mai ƙorafi ya je ya duba cikin kwanakin aiki 21. Lokacin 16 sun riga sun tafi.

Sawu uku na yi. Ranar farko ofishin a kulle, mai makulli ya tafi ta'aziyya. Rana ta biyu wanda na samu bai taɓa jin zancen ba, ya tura ni sashen lafiya, suka tura ni sashen ayyuka, su kuma suka mayar da ni inda na fito. Rana ta uku wani dattijon masinja, Allah ya saka masa da alheri, ya tuna da wani kwali da aka kawo aka tura ƙarƙashin tebur. Muka jawo shi, ya sauke flas ɗin shayin da ke kai. Ko ledar ba a ɓare ba. Ni na fara buɗe littafin nan, saura kwana biyu wa'adi ya cika. Kaurinsa kamar bulo, Turanci ne tun daga bango har bango, babu ko shafi ɗaya na taƙaitawa da Hausa.

Na zauna a kan benci na nufi abin da na sani, wato taswira. Malam Edita, ina ganinta na gane tsohuwa ce, domin irinta na yi aiki da ita tun ina sabon ɗauka. Unguwarmu an rubuta ta gonaki da tsirarun gidaje. Islamiyyar da yara sama da ɗari ke karatu babu ita. Gidan burodi mai tandar itace, wanda ake hura wa wuta tun ƙarfe uku na dare, babu shi. Mai walda babu shi, mai ƙosai babu ita. Amma akwai shafuka cur na itatuwa da tsuntsaye da sunayensu na Latin. An ƙirga dogon yaro, an ƙirga ƙadangaru, mu ne ba a ƙirga ba.

Can ƙarshen littafin na ci karo da abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Takardar kuɗin motar nan ce, an buga mata sabon kai da injin rubutu: jerin mutanen gari da suka halarci taron tuntuɓa kuma suka goyi bayan aikin. Sunana ne na 14, da sa hannuna, da lambar wayata. A shafi na gaba ga hoto, ga ƙeyata da hulata zanna, ina riƙe da kwalbar lemo. Mai walda ma yana ciki, hannunsa a sama. Wanda bai sani ba zai ɗauka ƙuri'ar amincewa yake kaɗawa.

A daren na rubuta ƙorafi shafi uku, na zana taswirar unguwar da hannuna, na sa tazarar kowane gini daga shingen filin, domin na auna da tef. Washegari na kai. Babu rajistar da za a shigar, babu mai buga hatimi. Masinjan ya karɓa ya cusa a cikin littafin, ya mayar cikin kwali. Har yau ko "mun gani" ba a ce mini ba. An gina ma'ajiyar. An haƙa burtsatsen, ya yi damina ɗaya ya tsaya. Wasu darare in iska ta juyo ta wajen sai ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, wato sinadarin da ake zuba wa gas don hanci ya gane shi. Uwargida yanzu ba ta ƙyasta ashana da asuba sai ta fita tsakar gida ta shinshina.

Wannan ita ce dokar da marubucinku ya ce za ta kare talaka. Na san tana nan, doka mai lamba 86 ta 1992, tun zamanin soja, kuma a takarda ba ta da laifi. Amma kamfanin da ke neman izini shi ke ɗauko masanin da zai rubuta rahoton, shi ke biyansa. Wane maroƙi ne zai zagi mai biki? Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Sifaniya ma rumbun gas na Castor, wanda aka yi a ƙarƙashin teku, ya samu takardar amincewar muhalli da hatiminta. Da aka fara ɗura gas a 2013 sai ga ɗaruruwan girgizar ƙasa a garuruwan bakin tekun, aka dakatar da aikin, sannan aka biya kamfanin yuro miliyan 1,350.

Mu a jihar Kaduna ba sai an ba mu labari ba. Ranar 4 ga Janairun 2020 shagon gas ne kawai ya fashe a Sabon Tasha, ya kashe mutane, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Shago ke nan, mai 'yan tukwane. Shi kuwa marubucinku yana kwaɗaita mana rumbu mai biliyoyin ƙafa, a ƙasar da littafin tantancewa ke kwana a leda ƙarƙashin tebur. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi da harshen da yake ji, kuma kafin a zuba harsashi.

Ban ce ku janye sharhin ba. Abin da nake roƙo, duk ranar da kuka ga irin wannan sanarwar, ku tura wakilinku sakatariyar da aka ambata, kada ya nuna katin ɗan jarida, ya je kamar ni ya ce yana son ganin rahoton. Ku buga mana sawu nawa ya yi, da inda ya samu littafin. Ya buɗe ƙarshensa, ya ɗauki sunaye biyar ya kira su ya tambaye su a kan me suka sa hannu. Sanarwar kuma ku fassara ta ku buga da Hausa ko ba a biya ku ba, tun kwana 21 ɗin ba su fara tafiya ba.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, wai me ya samu ƙugiyoyin haruffanku ne? Wata uku ke nan ɗ da ƙ da ɓ suna ɓacewa a shafinku na intanet, yau a gan su gobe babu. A kan taken sharhin nan ma kun rubuta "karkashin kasa". Jikata mai aji huɗu ta karanta da ƙarfi, ta ɗago ta tambaye ni ko maciji ne yake kwanciya a kan gas ɗin. Ku gyara don Allah, yara na koyon karatu da ku.

Wassalam.

Naku mai karatu,
Tsohon ma'aikacin safiyo, daga jihar Kaduna