Rahoton Ayyukan Shekara: Bibiyar Ƙadangarun Unguwarmu a Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi. Ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta masu kula da bishiyoyi da namun daji ta gudanar a bana.

Taron wata-wata bai yanke ba, kuma darbejiyar da muka dasa a hanyar kogin Binuwai yawancinta ta kama. Amma aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne bibiyar ƙadangare, wanda masana ke kira Agama agama, wanda kuma masani Linnaeus ya bayyana a kimiyyance a 1758. Mun raba wa matasanmu bishiyoyi, kowa da tasa, da littafi da biro.

Abin da ya fi ba mu mamaki ya faru ne a tsamiyar bayan masallaci. Da sassafe sai a ga wani ƙadangare baƙi-baƙi ya lafe a jikinta, ba ya ko motsi. Da hantsi ya dubi ludayi, kansa ya yi jawur, jikinsa ya koma shuɗi, ya hau gyaɗa kai. Ashe jan gwadan da muke nema ne, sanyin dare ke dusashe masa launi. Namiji guda ne ke riƙe da bishiya da matansa, in wani ya kusanto a yi ta bulala da wutsiya. Wanda ya dube shi kusa zai ga 'yan ƙayoyi a gefen kunnensa da wuyansa.

A zafin Maris da Afrilu, da rana ta take sai su shige inuwar reshe. Ruwan farko na sauka kuwa, shinge ya fito, ranar sun ci sun ƙoshi. Dama tururuwa da fara da gara ne cimarsu. Mun kuma ga mace tana tona rami a ƙasa mai laima, ta zuba ƙwai ta binne. Mako takwas zuwa goma suke yi kafin su ƙyanƙyashe. Wannan ramin dai ba mu ga ƙarshensa ba, an juye yashin gini a kansa, abin ya yi mana ciwo ƙwarai.

Yara masu danƙo har yanzu suna harbin ƙadangarun. Mun zauna da malaman makarantun allo, sun yi alkawarin tsawatarwa, Allah ya saka musu da alheri.

Baɗi muna son ƙara hawainiya da damo cikin lissafi, a kuma kewaye duk ramin ƙwai da ƙaya. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin taro na gaba, littattafan matasa sun cika.

Sakataren ƙungiya