Ganin p53 a takardar gwaji ba ya faɗin kwanan mara lafiya

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini. Shekarata 18 a ɗakin gwaje-gwaje, inda muke yanka ɗan tsokar da likita ya ciro daga huhun mara lafiya, mu shimfiɗa a gilashi, mu rina, don a duba ko kansa ce. Kwanan baya wata baiwar Allah ta tare ni a bakin ƙofa, takardar mijinta duk ta jiƙe da gumin hannunta. Ta ce, "Malam, an rubuta p53, kuma ɗana ya gani a intanet wai mugun abu ne. Kwana nawa suka rage masa?"

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da birki da totur. Furotin irin su p53, Rb, p16 da p27 su ne birkin da ke hana ta rabuwa ba ƙa'ida, cyclin D1 da cyclin E kuwa su ke ingiza ta ta rabu biyu. Bincike kan wannan tsari ne ya sa aka ba masana uku, Hartwell da Hunt da Nurse, kyautar Nobel a 2001. Hayaƙin taba yana lalata p53, kuma lalataccen kan taru a cikin ƙwayar, shi ya sa muke ganinsa ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa idan mun rina. A kansar huhu mai ƙananan ƙwayoyi, kusan kullum birki biyu ne suka tsinke, Rb da p53, ga ta kuwa da saurin bazuwa.

To amma nan gizo ke saƙar. Idan masana suka ce ƙarancin p27 na tafiya da tsanantar ciwo, lissafin ɗaruruwan marasa lafiya suka yi, ba na mijin wance ba. Binciken ma wani ya ce e, wani ya ce a'a. Mu kanmu masu rinin, abin da wannan ɗakin gwaji ya kira "da yawa" wancan zai iya cewa kaɗan ne. Na sha yin musu da abokin aikina a kan gilashi ɗaya. Har gobe likitoci sun fi dogara da matakin ciwon: girman ƙarin, ko ya kama kaluluwa, ko ya tsallaka ƙashi ko ƙwaƙwalwa.

Roƙona ga masu rubuta shafinku na lafiya, in za su kawo labarin irin wannan bincike su riƙa faɗin iyakarsa. Ita kuwa na zaunar da ita, na rubuta mata tambaya ɗaya a bayan takardar ta kai wa likitansu: mataki na nawa ne?

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje