Ƙawata, kan maganar ɗaukar riƙon nan

Assalamu alaikum ƙawata, ya gida, ya maigidan? Na ga saƙonki tun shekaranjiya, ban amsa ba saboda maganar ta fi ƙarfin layi biyu.

Kince abu biyu ke hana ki barci, kuɗin da za'a kashe da tsoron kar ace baku cancanta ba. Wallahi nima haka na kwana na tashi dashi wata da watanni kafin mu kawo yarinyarmu gida. Ranar da ma'aikaciyar walwala zata zo duba gidan tun asuba nake goge-goge har labule na canza, matar nan ko kallon labulen batayi ba, soket ɗin dake ƙasa kusa da gado ta nuna tace a rufe, sannan ta zaunar da maigidan shi kaɗai ta tambaye shi tsakaninsa da Allah shima yana son yaron ko don ni yake yi. Abinda suke nema kenan, gida mai kwanciyar hankali. Zasu nemi shaidar lafiyarku, takardar 'yan sanda cewa baku da laifi, da hujjar cewa akwai abin shiga duk wata ko ba yawa. Maganar shekaru da daɗewar aure kuwa kowace ƙasa da dokarta, ki nemi ta inda kuke a rubuce, kar ki tsaya jin ance ance.

Kuɗi kam ana kashewa, bazan ɓoye miki ba. Lauya, kotu, gwajin asibiti, zirga-zirga, in daga wata ƙasa ne yaron ga fassarar takardu da biza, kuma basa zuwa lokaci ɗaya, kina cewa an gama sai wani ya ɓullo. Ni jaka guda na ware ta ajiye takardu, duk abinda na biya sai an bani rasit.

Amma inda nake so ki buɗe kunne, dan Allah duk wanda yace ki kawo kuɗi gobe a miƙo miki jariri ba kotu ba alƙali, ki guje shi. Yarjejeniyar Hague ta 1993 kan riƙon yara tsakanin ƙasashe ta hana a sayi yardar iyaye da kuɗi, kuma uwa bata bada yardarta sai bayan ta haihu. Nasan shekara tara kina jira, nasan yadda zuciya ke son gajeriyar hanya, amma yaron wata matar ne za'a iya sato miki.

Batun addini da kika taɓo, kafala, wato riƙon yaro irin na Musulunci, ai halas ce, har yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambace ta da suna. Sunan mahaifinsa ne kawai ba'a canzawa kamar yadda yazo a Suratul Ahzab, gado kuma sai ku yi masa wasiyya cikin sulusi.

Ki kira ni ranar Asabar da daddare in yarinya tayi barci, zan ɗauko jakar in karanto miki takardun ɗaya bayan ɗaya. Ki gaida min maigidan.

Taki har kullum.